Me ya sa tsofaffin jiragen ruwa suke ƙarewa a gaɓar Indiya da Bangladash?

Wani ɗan'uwa mai sana'ar gwangwan ya turo tambaya, yace yaga bidiyon wasu manyan jiragen ruwa an jera su a bakin teku mutane suna yanka su da wutar gas, wasu ko takalmi babu a ƙafarsu, shine yake son sanin dalilin da yasa jirgin da Turawa ko Japanawa suka mallaka zai je can a yanka shi maimakon a ƙasarsu, sannan ko mu ma a Najeriya zamu iya shiga harkar tunda ƙarfe ne kuma muna buƙata.

Toh Alhaji, tambayarka biyu ce amma tushensu ɗaya, kuma tunda kai ɗan kasuwar ƙarfe ne zaka fi kowa saurin ganewa, don tsohon jirgi ba'a sayar dashi a matsayin jirgi, a kan sikeli ake sayar dashi kamar yadda kake sayen mataccen injin a wurin yaranka. Abinda ake aunawa shine nauyin gangar jikinsa babu kaya babu mai babu ruwa, 'yan harkar suna ce masa LDT, kuma ana yin ciniki ne da dala kan kowane tan ɗaya. A 'yan shekarun nan masu filin yanka a Indiya da Bangladash da Pakistan suna biyan wajen dala 500 kan tan, wani lokaci ya hau wani lokaci ya sauka, Turkiyya kuma tana biyan wajen dala 300 ko ƙasa da haka, a cikin Turai kuwa abin ya fi haka ƙasa sosai, akwai ma jirgin da mai shi ne zai biya a rabashi dashi. Yanzu ɗauki babbar tankar ɗanyen mai irin wadda take lodin ganga miliyan 2, gangar jikinta tana kai tan 40,000. A Bangladash dala miliyan 20 kenan, a Turkiyya miliyan 12. Bambancin miliyan 8 a kan jirgi ɗaya tal, kuma kamfani yana iya samun irinsu biyar ko goma da zai sallama. Kaga ba sai an tambayi inda zai nufa ba.

Abinda ya kamata a tsaya a kai shine daga ina wannan miliyan 8 ɗin take fitowa, don anan ne mutane suke rabuwa biyu, wasu suce duk zalunci ne wasu suce duk kasuwa ce, ni kuma a iya abinda na sani duka biyun suna ciki.

Ɓangaren kasuwar gaskiya ne. A Kudancin Asiya ba duk ƙarfen ake narkawa ba, farantan jikin jirgi masu kauri yanka su ake yi dogo dogo a kai ƙananan masana'antu a gasa su a murza su zama rodin gini kai tsaye, wannan ya fi narkawa sauƙin wuta da kuɗi nesa ba kusa ba, shi yasa farantin yafi ƙarfen gwangwan daraja. A Turkiyya yawanci tukunyar lantarki ake zubawa a narke, farashinsa farashin gwangwan ne kawai. Ga Bangladash kuma bata haƙo ƙarfe daga ƙasa, ga jama'a ga gine gine, jirgi shine ma'adininta. Sannan babu abinda ake zubarwa. In ka bi hanyar da take shiga Alang, babban wurin yankan jirage na Indiya a jihar Gujarat, shaguna ne jere na kilomitoci, janareto, famfo, kujeru, katifu, firji, kwanukan kicin, igiya, ƙananan kwale kwalen ceto, har ƙofofi da fitilu, kowanne da mai sayensa. Kai ka san wannan tsarin, irin na kasuwar kayan gwanjo ne, sai dai nasu daga teku yake fitowa.

Ɗaya ɓangaren shine mai ciwon. Hanyar da suke bi ita ce ake kira kafewa a tudu, wato a jira ranar da ruwan teku ya ciko sosai, a Alang bambancin cikowa da janyewa yana haura mita 10, sai a tada injin a koro jirgin da gudu ya hau kan laka ya kafe, in ruwa ya janye sai ma'aikata su shiga. Babu kwarmin siminti da aka gina, a da ma babu manyan kireni, yanki ake yankowa ya faɗo kan laka a ja shi da sarƙa da injin ja. Duk abinda ya zuba, baƙin mai, ɓarɓashin fenti, ruwan datti na ƙasan jirgi, in ruwa ya dawo sai ya kwashe ya tafi dashi teku, sau biyu kullum. Kuma tsohon jirgi cike yake da guba. Akwai asbesto da aka naɗe bututu da ɗakin injin dashi, irin wanda muka sani a tsohon silin, ƙurarsa in ta shiga huhu ciwon baya bayyana sai bayan shekara 20 zuwa 40. Akwai PCB a tsofaffin wayoyi da taransifoma, akwai dalma a fenti da batura, kuma mu mun san aikin gubar dalma tun abinda ya faru da yara a Zamfara a 2010, akwai fentin TBT da ake shafawa a ƙasan jirgi don hana halittun ruwa mannewa, akwai zaiba a tankokin jiragen da suka yi aikin haƙar mai. A Turai kowanne daga cikin waɗannan sai an cire shi da kayan kariya an auna an rubuta an kai inda ake lalata shi, kowane mataki kuɗi ne. Wanda bai yi ba kuɗin yana aljihunsa, shi yasa yake iya taya jirgi da tsada. Kuɗin magani da na gyaran gaɓa bai ɓace ba, an dai ɗora shi ne a kan lebura da masunci.

Su leburorin kuma yawanci baƙi ne a wurin, a Alang daga Uttar Pradesh da Bihar da Odisha suke zuwa, a Sitakunda kusa da Chattogram daga arewacin Bangladash inda talauci yafi tsanani, 'yan ci rani ne dai kamar namu, basu da ƙungiya mai ƙarfi basu da takardar aiki, in mutum ya ji rauni sai ya koma ƙauye babu wanda ya rubuta. Abinda yafi kashe su faɗowa daga sama, faɗowar faranti a kansu, da fashewar tanki. Tankar mai in ba'a wanke ta an fitar da iskar gas ɗin ciki ba, ka sa mata wuta to bam ce. Ranar 1 ga Nuwamba 2016 a Gadani ta Pakistan wata tanka mai suna Aces ta fashe ana cikin yankanta, mutum sama da 25 suka mutu, wutar ta kwana tana ci har kwanaki. Wanke tanki yadda ya kamata aikin kwanaki ne da kuɗi, shine abinda aka so a tsallake.

Wani abu da mutane basu sani ba, wannan sana'ar yawo take yi. A Ingila da Amurka aka fara yinta da yawa, daga baya ta koma Japan, a shekarun 1970 zuwa 1980 Kaohsiung ta Taiwan ce kan gaba a duniya, da albashi ya tashi doka ta tsananta sai ta tashi. Alang a 1983 aka fara. Sin ma ta yi ƙarfi a ciki har ta gina filaye na zamani, sai ta rufe ƙofa ta hana shigo da jiragen waje don yankawa daga farkon 2019. Duk inda ran ma'aikaci ya fara tsada sai harkar ta ƙara gaba. Ƙungiyar NGO Shipbreaking Platform da ke Brussels, wadda take ƙirga jiragen duk shekara, ta lissafa jirage 446 da aka yanka a 2023, guda 325 a gaɓar Indiya da Bangladash da Pakistan, kuma in da nauyi za'a auna kason ya fi haka don manyan ne suke zuwa can.

Sai maganar doka, wadda ita ce ainihin inda nake so ka gane. Doka akwai, har guda uku ma, matsalar kowacce da ramin da ake bi a fita.

Ta farko Yarjejeniyar Basel ta 1989, wadda ta hana a ɗauki shara mai guba daga wata ƙasa a kai wata ba tare da sani da yardarta ba. Mu muna da hannu a tarihinta, don abinda ya faru a Koko a 1988, lokacin da aka jibge dubban durom na sharar guba daga Italiya a wani fili a tsohuwar jihar Bendel, yana cikin abubuwan da suka tada hankalin duniya aka yi ta, ƙasashen Afirka ma suka ƙara da tasu ta Bamako a 1991. Daga baya aka yi mata gyaran da ya hana ƙasashe masu arziki tura irin wannan shara ƙasashe masu tasowa kwata kwata, ya fara aiki a Disamba 2019. A ƙarƙashinta jirgin da aka yanke shawarar yankawa shara ne. Amma jirgi ba durom bane, tafiya yake da kansa. Yaushe ya zama shara? Ranar da mai shi ya yi niyya. To wa ya ga niyya? Sai ya bar tashar Rotterdam da sunan zai je gyara ko ɗaukar kaya, yana tsakiyar teku sai a sanar an sayar dashi, babu ƙasar da za'a ce daga ita aka fitar.

Ta biyu dokar Tarayyar Turai ta 2013 wadda ta fara aiki sosai a ƙarshen 2018. Ita tace duk jirgin da yake ɗauke da tutar ƙasar Turai ba za'a yanka shi ba sai a filin da yake cikin jerin da suka tantance. Jerin yana da filaye a Turai, da Aliaga ta Turkiyya kusa da Izmir, da Brownsville a Amurka, har zuwa 2025 babu na Kudancin Asiya a ciki duk da wasu na Indiya sun nema. Doka ce mai kyau a takarda, sai dai tuta take bi, tuta kuma saye ake yi. Anan dillalai suke shigowa, waɗanda ake kira masu sayen kuɗi hannu. Kamfani baya sayar wa filin yanka kai tsaye, dillali yake sayar wa ya karɓi kuɗinsa ya wanke hannu, dillalin ya buɗe kamfanin takarda mai jirgi ɗaya, ya canza wa jirgin suna, sau da yawa goge wasu haruffa kawai ake yi da fenti, ya sa masa tutar Comoros ko Palau ko St Kitts da Nevis don tafiyar ƙarshe. Cikin 'yan kwanaki jirgin Turai ya daina zama na Turai.

Ta uku Yarjejeniyar Hong Kong ta IMO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sufurin jiragen ruwa, an amince da ita a Mayu 2009 amma bata fara aiki ba sai 26 ga Yuni 2025, shekara 16, don sharaɗin sai ƙasashe 15 masu kashi 40 cikin 100 na jiragen duniya sun shiga tare da masu filayen yanka, sai da Bangladash da Laberiya suka shiga a Yuni 2023 lissafin ya cika. Ta wajabta kowane jirgi mai girman tan 500 zuwa sama ya riƙe kundin da ya nuna wace guba ce a cikinsa, a ina take, nawa ce, kowane fili ya samu izini daga gwamnatinsa, kowane jirgi a rubuta masa tsarin yadda za'a yanka shi kafin a taɓa shi. Amma bata hana kafewa a tudu ba, bata bi sharar zuwa inda take ƙarewa bayan ta fita daga ƙofar fili ba, kuma gwamnatin da take cin harajin filin ita ce mai duba shi.

Zan yi adalci, an samu canji. Filaye da yawa a Alang sun zuba siminti a inda ake ƙananan yanka, sun sayi kireni masu ɗaga yanki ba tare da ya taɓa laka ba, ana bada hular kwano da takalmi, ana horo, Indiya ta shiga yarjejeniyar tun 2019 ta yi dokarta. Babban kamfanin jiragen ruwa na Maersk ya koma kai jirage Alang a 2016 da hujjar cewa in manyan kamfanoni suka je da masu sa idonsu filayen zasu gyaru, kuma waɗanda ya yi aiki dasu sun gyaru ɗin. A Chattogram filin PHP ya samu takardar cika sharuɗɗan Hong Kong tun 2017. Wanda yace Alang ta yau ɗaya take da ta 1995 bai faɗi gaskiya ba. Amma takarda bata hana wuta, a Satumba 2024 wata tanka ta fashe a wani fili a Sitakunda mai irin wannan takardar, ma'aikata suka mutu. Turkiyya ma da ake yabo ba tsaf take ba, ana mutuwa a Aliaga, har an taɓa cire wasu filayenta daga jerin Turai. Ni abinda ban yarda dashi ba har yanzu shine yankan farko, wanda ake yi wa gangar jirgi tana zaune kan laka ruwa yana shiga yana fita, wannan wurin ba'a iya zuba masa siminti, motar kashe gobara da ta asibiti basa iya isa gefen jirgin.

Akwai labarin jirage biyu 'yan uwan juna da yake nuna yadda abin yake in ido ya yi yawa. Clemenceau, jirgin yaƙin Faransa mai ɗaukar jiragen sama, an tura shi Alang a ƙarshen 2005, aka yi ca a kan asbeston da ke cikinsa, Shugaba Chirac ya sa aka dawo dashi a Fabrairu 2006, ƙarshe a Hartlepool ta Ingila aka yanka shi. Ɗan'uwansa Foch da aka sayar wa Brazil aka canza masa suna zuwa São Paulo, an ja shi zuwa Aliaga a 2022, Turkiyya ta janye izini yana hanya saboda shakkar lissafin gubar, ya juya, tashoshin Brazil suka ƙi karɓarsa, ya yi watanni yana gararamba a teku, a Fabrairu 2023 sojan ruwan Brazil suka nutsar dashi a Atlantika da duk abinda ke cikinsa. Wannan na biyun yana damuna ƙwarai, don ya nuna korar jirgi kaɗai ba magani bane in babu wurin kirki da zai je.

Shi yasa nake ganin dokar da take bin tuta ko tashar da aka taso ba zata taɓa rufe ramin ba, sai wadda take bin mai jirgin na gaskiya da kuɗinsa, wanda ya ci ribarsa shekara 25 ko 30. An fara ganin alamu. A Norway kotu ta ɗaure wani mai jirgi wata shida a 2020 saboda yunƙurin fitar da jirgi zuwa Gadani. A Ingila kotun ɗaukaka ƙara a 2021 ta yarda matar wani lebura da ya faɗo ya mutu a Chattogram ta ci gaba da ƙarar kamfanin Landan da ya shirya sayar da jirgin, duk da an bi ta hannun dillali, hujjar ita ce farashin da suka karɓa kansa ya isa ya nuna musu inda jirgin zai ƙare. Tarayyar Turai ta taɓa nazarin wani tsari na a riƙa karɓar kuɗi a hannun duk jirgin da ya shigo tasharta a ajiye, a mayar masa in an yanka shi a fili mai kyau, amma ba'a zartar ba. A ganina wannan ne yafi kusa da maganin, don yana cike miliyan 8 ɗin nan ne kai tsaye. Kuma lokaci yana matsowa, shekarun nan an rage yanka saboda haya ta yi tsada bayan korona da rikicin Bahar Maliya kowa yana riƙe tsohon jirginsa, ƙungiyar masu jirage ta BIMCO ta yi hasashen jirage wajen 15,000 zasu je yanka cikin shekara goma.

Game da Najeriya kuwa, kayan aikin akwai, matattun jirage suna nan a ruwan Legas da na Neja Delta har suna hana wasu hanya, hukumar kula da sufurin ruwa ta NIMASA ma ta sha yin aikin cire su, ga masana'antun rodi a wajen Ikorodu da Ogijo da gwangwan suke rayuwa, kuma ana ɗan yanka ƙanana dama. Amma irin na Alang ba zai yiwu ba ko an so, don cikowar ruwa a Legas wajen mita 1 ne kawai, ba zai ɗaga babbar tanka ya ɗora a tudu ba. Dole sai an gina gangaren siminti ko busasshen kwarmi irin na gyaran jirgi, da magudanar da take tare mai, da wurin binne asbesto da aka keɓe, da banki mai iya bada dala miliyoyi a jira wata shida ko fiye kafin a gama sayar da ƙarfen, wanda ko Bangladash da ƙarancin dala ya kama ta a 2022 sai da sayen jirage ya ja baya. In ba'a yi waɗannan ba abinda zamu samu shine irin na Nouadhibou a Muritaniya, inda aka yi ta yasar da ɗaruruwan jirage a bakin ruwa.

Kai kuma Alhaji, in kayan jirgi suka zo hannunka, bututun da kaga an naɗe da farin abu kamar auduga ko alli kada yaranka su ɓamɓare shi a bushe, a jiƙa shi da ruwa sosai, a rufe hanci da abin kariya na gaske ba ƙyalle ba, a ƙulle shi a leda mai kauri, kayan da aka yi aikin dasu kada a kai gida a wanke tare da na yara. Wayoyi kada a ƙona su don cire jan ƙarfe, a feɗe su da wuƙa. Duk tanki ko durom da ya taɓa ɗaukar mai, komai daɗewarsa a ajiye, kada a sa masa wuta sai an buɗe shi an wanke an bar iska ta ratsa shi.